Mai son tara duk waƙoƙin Bob Dylan, ga inda gizo ke saƙar

A watan Nuwamban 2013 kamfanin Columbia ya fitar da wani ƙaton akwati mai faifan sidi 47, suka sa masa suna The Complete Album Collection Vol. One, wai cikakken tarin albam ɗin Bob Dylan kenan. A ciki akwai albam 35 da aka ɗauka a situdiyo, da guda 6 na wasan da ya yi a gaban jama'a, sai faifai biyu da aka tattaro 'yan waƙoƙin da suka warwatsu nan da can. Duk wanda ya saya ya ɗora a kanta ya ce shikenan na gama da Dylan, to gaskiya ko rabin hanya bai kai ba, kuma su kansu 'yan kamfanin sun san da haka shi yasa suka maƙala Vol. One, wato kashi na ɗaya, a wutsiyar sunan. Daga lokacin zuwa 2023 ma kaɗai tsohon ya ƙara albam biyar, ɗaya daga ciki, Triplicate na 2017, faifai uku ne mai waƙa 30. Yanzu lissafin na situdiyo ya kai 40.

Ga wanda bai san shi ba, sunansa na yanka Robert Zimmerman, an haife shi ranar 24 ga Mayun 1941 a Duluth ta jihar Minnesota a Amurka, ya shigo New York a farkon 1961 da jita da ɗan abun busa na hamonika, yana rera waƙoƙin gargajiyar Amurkawa a ƙananan gidajen shan kofi. Furodusa John Hammond ne ya ɗauke shi a Columbia, albam ɗinsa na farko ya fito a Maris 1962, waƙa 13 amma biyu kacal ne nasa na kansa. A 1965 ya rungumi jitar lantarki ya shiga kiɗan rok, tsoffin masoyansa suka ce ya ci amana. A 2016 aka ba shi kyautar Nobel ta adabi. To ka ga mutum ne da ya shafe sama da shekara 60 ana kunna masa na'urar ɗaukar murya, kuma ba shi da ɗabi'ar rera abu iri ɗaya sau biyu.

Mu fara da albam 40 ɗin nan, wanda kowa zai ce ai su ne masu sauƙi. Eh, in dai jin waƙa kawai kake so, suna nan a Spotify da YouTube da sauransu. Amma mai tarawa tambayarsa daban ce, wane bugu? Albam takwas na farko an haɗa sautinsu iri biyu, akwai mono mai fitar da sauti ta hanya ɗaya, akwai sitiriyo mai raba shi hagu da dama, kuma a wancan zamanin mono ɗin aka fi ba muhimmanci saboda shi ne ake sakawa a rediyo, dan haka wani lokacin sautin ya bambanta, har tsayin waƙa ma yakan ɗan bambanta. Sai da kamfani ya sake fitar da su takwas ɗin a mono a 2010 cikin akwati na daban. Ga kuma labarin albam na biyu, The Freewheelin' Bob Dylan na 1963: an riga an fara buga faifan garmaho sai aka janye waƙa huɗu aka sa wasu, ciki harda wadda ya yi wa ƙungiyar John Birch shaguɓe, ƙungiyar nan ta masu ganin ɗan kwaminisanci a kowane lungu. Ita ce waƙar da gidan talabijin na CBS ya hana shi rerawa a shirin Ed Sullivan a watan Mayun shekarar, shi kuma ya yi fushi ya fice. 'Yan kwafi kaɗan na bugun farkon sun kuɓuce sun shiga kasuwa da bangon da bai nuna bambancin ba, yau in aka samu ɗaya mai lafiya maganar dubun dubatar daloli ake.

Akwai ma albam ɗin da shi mai waƙar bai so fitowarsa ba. A 1973 ya bar Columbia ya koma kamfanin Asylum, su kuma suka kwaso ragowar waƙoƙin da ya watsar suka haɗa albam suka sa masa suna Dylan kawai, mutane da yawa suna kallon abun a matsayin ramuwar gayya. Ba wani abun kirki bane in ka saurara, amma tunda sunansa na kai dole mai tarawa ya nemo shi, kuma a Amurka bai fito a sidi ba sai a cikin akwatin 2013 ɗin can.

Bayan albam sai tarkacen gefe, su ne masu cin rai. Waƙoƙin da suka fito a ƙaramin faifai su kaɗai basu shiga kowane albam na situdiyo ba, irin Positively 4th Street ta 1965 da George Jackson ta 1971. Waƙoƙin fim, irin Things Have Changed da ta ciyo masa kyautar fina-finai ta Oska a 2001. Wuraren da ya je ya taya wasu, tun daga busa hamonika a faifan Harry Belafonte na 1962, zuwa ɗan baitin da ya rera a We Are the World ta 1985 da aka yi dan tallafa wa masu fama da yunwa a Habasha, zuwa ƙungiyar Traveling Wilburys da suka kafa shi da George Harrison da Roy Orbison da Tom Petty da Jeff Lynne a 1988. Wani wurin ma ba zaka ga sunansa ba, a farkon shekarun 1960 ya yi wasu waƙoƙi da sunan Blind Boy Grunt saboda kwantiraginsa da Columbia bai ba shi damar fitowa a faifan wani kamfani ba.

Duk wannan wasan yara ne a kan abun da ba a fitar ba. Nan ne ainihin maganar take, kuma nan ne za ka gane cewa masu wannan tarin ba hauka suke ba.

Dylan yana da wata ɗabi'a mai ban haushi, sai ya ɗauki waƙa wadda ta fi duk na cikin albam kyau, sai a ƙarshe ya cire ta ya ajiye. Babban misali Blind Willie McTell, ya ɗauke ta a 1983 lokacin aikin albam ɗin Infidels, shi a fiyano Mark Knopfler a jita, ya ƙi sakawa, sai a 1991 ta fito a hukumance, kuma yau masana da yawa suna lissafa ta cikin manyan waƙoƙinsa baki ɗaya. Haka ya yi da Series of Dreams lokacin albam ɗin Oh Mercy a 1989. Blood on the Tracks kuwa abun ya fi haka, ya gama albam ɗin tsaf a New York a Satumban 1974, har an buga faifan gwaji an raba wa wasu, sai ya je gida Minnesota hutun ƙarshen shekara ya sake ɗaukar waƙa biyar a Minneapolis da wasu makaɗa na daban, wannan sabon aka fitar a Janairun 1975. Kenan akwai albam ɗin da duniya ta sani, akwai kuma ɗan uwansa na New York mai sanyi da kaɗaici wanda shekara da shekaru sai a hannun 'yan bayan fage, masu sayar da abun da kamfani bai fitar ba, ake samunsa. Har yau ana musu kan wanne ya fi. Ni dai a ganina na New York ya fi taɓa zuciya, amma na Minneapolis ne ya sa albam ɗin ya samu motsi, da an bar shi yanda yake da farko da nauyinsa ya yi yawa.

Harkar bayan fagen nan ma kusan a kansa ta fara a duniyar rok. Ranar 29 ga Yulin 1966 ya yi haɗari a babur kusa da garin Woodstock a jihar New York, ya ɓace daga idon jama'a, ya daina rangadi. A 1967 shi da makaɗansa, wanda daga baya suka zama The Band, suka dinga haɗuwa a ɗakin ƙasa na wani gida da ake kira Big Pink suna kiɗa dan nishaɗi, ɗaya daga cikinsu Garth Hudson na ɗauka a tef, waƙa sama da 100, wasu tsoffin na gargajiya wasu sababbi fil. Ba a yi su dan a sayar ba. An dai zaɓi 14 an tura wa wasu mawaƙa ko za su so su rera, daga nan kwafi ya fara yawo hannu zuwa hannu. A Yulin 1969 sai ga wani faifai biyu a farin bango ba rubutu ba hoto ya bayyana a shagunan Los Angeles, aka dinga kiransa Great White Wonder, cike da waƙoƙin ɗakin ƙasan da wasu da aka ɗauka a wani ɗaki a Minneapolis tun 1961. Lokacin dokar tarayyar Amurka ma bata fara kare sautin da aka ɗauka ba, sai a 1972 ta fara. A lura wannan daban yake da satar fasahar da muka sani ta kwafar abun da ke kasuwa a karya farashi, su waɗannan abun da kamfani ya ƙi fitarwa suke sayarwa, kuma masu sayensa su ne dai mutanen da suka riga suka sayi duk na halak ɗin.

Columbia ta fitar da nata The Basement Tapes a 1975, amma an yi masa kwaskwarima, an ƙara kiɗa a kan wasu, waƙa 24 kuma takwas daga ciki na The Band ne ba Dylan a ciki. Masu tarawa basu gamsu ba, suka cigaba da farautar tef na asali har sai 2014 da aka fitar da duka, guda 138 a sidi shida. Shekara 47 kenan tsakanin ɗauka da fitarwa.

A hankali kamfani ya gane cewa kuɗi ne ke wucewa ta bayan gida. Aka fara gwaji da Biograph a 1985, akwati mai waƙa 53 da aka cakuɗa sanannu da wanda ba a taɓa ji ba, ya samu kasuwa. Sai a 1991 suka buɗe jerin da suka kira The Bootleg Series, wato suka ari sunan 'yan bayan fagen suka sa wa nasu kayan, kashi na 1 zuwa 3 waƙa 58. Kashi na 4 a 1998 shi ne shahararren wasan nan na 1966 da wani daga cikin 'yan kallo ya ɗaga murya ya kira shi Yahuza maci amana saboda ya koma jitar lantarki. Shekaru 'yan bayan fage suna sayar da shi da sunan wasan Royal Albert Hall na Landan, alhali a Free Trade Hall na Manchester aka yi ranar 17 ga Mayu, kuskuren ya kama bakin mutane har kamfanin ma ya bar sunan a bango sai dai ya sa shi cikin alamar zance. Zuwa 2023 jerin ya kai kashi na 17.

To a nan kuma sai sabuwar matsala ta taso, kusan kowane kashi na baya bayan nan iri biyu ko uku ake fitar da shi, ƙarami mai sidi biyu na talaka, da babba na masu hali. Kashi na 12, The Cutting Edge na 2015, wanda ya ƙunshi aikin situdiyo na 1965 da 1966, ya zo da mai sidi 2, da mai 6, da kuma mai 18 wanda aka ce duk abun da na'ura ta kama a wancan lokacin yana ciki, guda 379, kwafi 5,000 kawai aka buga, kuɗinsa wajen dala 600. A ciki zaka ji an fara waƙa an tsaya, an yi tari, an yi dariya, an sake. Like a Rolling Stone kaɗai ta cinye faifai guda. Kuma abun mamaki akwai daɗin ji, saboda a ranar farko, 15 ga Yunin 1965, waƙar da wani irin taku mai jan ƙafa ta fara, washegari a ɗauka ta huɗu suka dace, amma basu ma gane sun dace ba suka cigaba da maimaitawa har sau goma sha ɗaya bayanta. Wanda ya ji wannan ya ga yanda ake ƙera waƙa da idonsa. Sai dai maganar gaskiya sau nawa mutum zai zauna ya sake jin faifai 18 na gwaji? Wannan kayan bincike ne, na masu rubuta littafi da masu digiri a kansa.

Akwai wani dalili kuma da ya sa kaya ke ta fitowa wanda bai da alaƙa da son masoya ko kaɗan, dokar haƙƙin mallaka ce ta Tarayyar Turai. A taƙaice, sautin da aka ɗauka aka fitar yana samun kariyar shekara 70, wanda kuwa aka ɗauka aka ɓoye ba a fitar ba har shekara 50 ta cika to ya zama na kowa, duk wanda ke da kwafi zai iya bugawa ya sayar a Turai. Dan haka a ƙarshen 2012 Sony, uwar kamfanin Columbia, ta buga wani tari na abubuwan 1962, guda 86 a sidi huɗu, kwafi wajen 100 kacal, ta watsa a wasu 'yan shaguna a Turai ba talla ba sanarwa. Ko kunya basu ji ba, a jikin bangon suka rubuta cewa tarin tsawaita haƙƙin mallaka ne. Manufar kawai a ce an fitar. Suka sake yi da na 1963 da na 1964. Ka duba halin da mai tarawa ya shiga, abu ne na hukuma, dole ya shiga lissafi, amma mutum ɗari ne a duniya za su mallaki na asali, farashinsa a hannun 'yan sari kuwa sai wanda ya gani. In ka lura da kalanda zaka ga abun na tafiya daidai, akwatin wasannin 1966 mai sidi 36 ya fito a 2016, na wasannin 1974 mai sidi 27 ya fito a 2024.

Sannan ga wasannin dandali, wanda su kam teku ne. Ranar 7 ga Yunin 1988 ya fara rangadin da mutane suka laƙaba wa Never Ending Tour, wato rangadin da ba ya ƙarewa, zuwa 2019 ya haura wasa 3,000, korona ce ta tsayar da shi, a ƙarshen 2021 ya koma hanya. Kusan kowane dare akwai wanda ya ɓoye 'yar na'ura a aljihu ya ɗauka, da can ana musayar kaset ta gidan waya, aka koma sidi, yanzu a intanet ake rabawa, kuma ƙa'idar masu yi ita ce musaya ake ba sayarwa ba. A 'yan shekarun nan har wayar mutane ake kullewa a wata 'yar jaka kafin su shiga zauren, amma duk da haka ɗauka na fitowa. Me yasa wani zai tara waƙa ɗaya sau ɗari biyar? Saboda mutumin yana canja mata kiɗa, ya canja taku, wani sa'in ya canja baiti, har sai ya kai tsakiya kafin 'yan kallo su gane wacce yake rerawa. Duk wanda ya taɓa ƙoƙarin tara waƙoƙin marigayi Mamman Shata zai fahimci wannan ciwon kan, ka samu Bakandamiya a kaset uku ka tarar kowacce da baitocin da babu a sauran, ka rasa wacce zaka ce ita ce ta asali. Bambancin kawai masu bin Dylan suna da takardun situdiyo da kwanan wata da mutanen da suka ƙarar da rayuwarsu wajen jera wace waƙa aka rera a wane gari a wane dare.

Shi yasa in ka ji wani ya ce yana da komai na Dylan, tambayar da zaka masa ita ce ina ka ja layinka. Wani layinsa albam 40. Wani ya ƙara da na wasanni da Bootleg Series ƙanana. Wani ya ce duk abun da kamfani ya fitar a hukumance, wanda wannan ya riga ya faɗa ramin kwafi ɗari ɗin can. Wani kuma kowane bugu na kowace ƙasa yake bi, na Japan daban na Ingila daban, wannan kam ya bar harkar waƙa ya koma harkar kayan tarihi. Wanda ke zaune a Kano ko Zinder ga tsadar dala ga kuɗin jigila, ni shawarata ya bi albam ɗin a jere a waya tukunna, daga 1962 zuwa 1966, ya tsallaka zuwa Blood on the Tracks, ya leƙa shekarun 1979 zuwa 1981 da ya koma waƙoƙin addinin Kirista, ya zo Time Out of Mind na 1997, sannan ya ɗauki Bootleg Series kashi na 1 zuwa 3 da na 4 da na 8 da na 11. A nan mafi yawan zinaren yake. Sai dai a sani manhajojin sauraro ba komai suke da shi ba, wasu manyan akwatunan taƙaitaccensu kawai ake sakawa, kuma abun da ke kan manhaja haya kake, ranar da aka cire shi ya tafi.

Ko mai kuɗin da ya ce shi zai saye komai akwai inda zai tsaya. A 2021 Dylan ya sake rera Blowin' in the Wind a situdiyo tare da furodusa T Bone Burnett, aka zuba ta a wani sabon nau'in faifai kwafi ɗaya tak, aka yi gwanjonsa a gidan gwanjo na Christie's da ke Landan a Yulin 2022 kan kusan fam miliyan 1.5. Mutum ɗaya ne ke da shi a duniya. Ga kuma rumbun ajiyarsa da gidauniyar George Kaiser da Jami'ar Tulsa suka saya a 2016, aka buɗe masa cibiya a Tulsa ta jihar Oklahoma a Mayun 2022, abubuwa sama da 100,000, harda littattafan da yake rubuta baiti a ciki da tef ɗin da ba a taɓa fitarwa ba, wanda sai dai mai bincike ya nemi izini ya je can ya saurara.

Kuma ikon abun ma ya bar hannunsa. A Disambar 2020 ya sayar wa kamfanin Universal haƙƙin rubutun waƙoƙinsa sama da 600, rahotanni suka ce kuɗin ya haura dala miliyan 300, sannan a farkon 2022 aka sanar cewa Sony ta saye haƙƙin sautin da aka ɗauka. Abu biyu ne daban, ɗaya na baiti da karin waƙa, ɗaya na muryar da ke kan tef. Kamfanin da ya zuba irin wannan kuɗin ba zai bar tef ya kwana a rumbu har wa'adinsa ya ƙare ba, dan haka in dokar Turai bata canja ba kowace shekara akwai abun da agogo ke bugawa a kansa. Yanzu ana kan shekarun 1970 ne. Wasannin rangadin da ya fara a 1988 sai 2038 na farkonsu zai cika shekara 50, kuma akwai sama da 3,000 a layi bayansa.